Wa Ya Turo Miki?

Ƙarfe huɗu da minti goma na yammacin wata Talata abin ya fara lalacewa. Lokacin yana nan a jikin saƙon, ban goge shi ba har yau. Ina zaune a kujerar baya a ajinmu na masu neman digiri na biyu a fannin shari'a, malami yana bayanin sharuɗɗan da kotu ke bi kafin ta karɓi shaidar da ta fito daga na'ura, sai wayata ta yi motsi a cikin jaka. Yayana ne daga Ƙarfi, garinmu. Ya turo saƙon murya da hoto, ya rubuta a ƙasa: “Ki saurara ke kaɗai.”

Na cusa wayar cikin hijabi, na kara a kunne. Muryar mace ce, tana rawa irin ta wadda ta sha kuka. Ta ce tun da ɗanta ya ci tuwo da miyar da aka sa wa daddawar gidan nan na bayan firamare yake ta amai, kuma tana jin maganin ƙwarin hatsi ake zuba wa kalwar. Nan maganar ta yanke. Hoton na ƙofar gidanmu ne, ga ƙyauren nan mai shuɗin fenti, ga tabarmar shanya a kan katanga. A samansa an yi jan rubutu cewa yara sun mutu a Malumfashi, a yaɗa don Allah.

Malami ya ci gaba da bayani, ni ma na ci gaba da rubutu. Da na duba shafin daga baya, babu kalmar da na tsallake, amma ban tuna na ji ko ɗaya ba.

Daddawa Inna take yi tun kafin a haife ni. Da ita ta riƙe mu bayan rasuwar Baba, da ita na yi karatu har na zama lauya. Takan sayi kalwa da bazara, lokacin ɗorawa, ta adana ta a randuna da toka da busasshen barkono. Ban taɓa ganin magani ya shiga ɗakin ajiyarta ba. Ko ɓera ne ya dame ta, tarko take ɗanawa. Ta dafa kalwar har ta yi laushi, ta surfa, ta wanke ta ruwa bayan ruwa, ta sake dafawa, sannan ta rufe ta da ganye ta bar ta ta nuna. Dillalai mata sukan zo daga Funtua da Dandume su kwasa, wani lokaci tun ba ta gama bushewa ba. Ina yarinya warin nan abin kunyata ne. Yana bin kayan makarantata, 'yan ajinmu suna toshe hanci idan na gifta. Ina jin tun daga nan na koyi zaman kujerar baya da rufe baki.

Da na iso gida ranar Juma'a, rashin warin ne ya fara tarbata. Tun daga zaure na ji kamar gidan wasu na shiga. Tukwane a kife, murhu a sanyaye, Inna tana zaune a tabarma, hannuwanta a kan cinya. Ban san hannuwan Inna da zama ba. Dillalan sun ɗauke ƙafa. Wata daga Funtua ma ta aiko da kwandon da ta ɗauka a rufe, ba tare da ko gaisuwa ba.

Kawu, ƙanen Inna, ya zo jaje. Ya ce, “A bar wa Allah, Yaya. Magana ce, iska za ta kwashe ta.”

Yayana yana tsaye a bakin ƙofa yana huci, yana cewa in ya gano wanda ya yi sai ya karya shi. Inna ba ta kula kowannensu ba. Ni ta duba.

“Ke, lauyar gida. Ba abin da kika ce kina karantawa ke nan ba? Laifin waya?”

“Shi ne, Inna.”

“To me littafin naku ya ce?”

Na yi mata bayani kamar ina amsa jarrabawa. Na ce doka ta hana ɓata sunan mutum da ƙarya, amma sai an san wanda ya fara turawa. Na ce kamfanin da saƙon ya bi ta hannunsa yana wata ƙasa, kuma ko shi ba ya jin abin da mutane ke faɗa wa juna. Na ce ko an sami saƙon farko, sai an kawo takardar da ke tabbatar da lafiyar na'urar da aka ciro shi daga ciki.

“Wato dai babu,” in ji Inna.

“Akwai, Inna. Dokar tana nan.”

“To ina take?”

Kawu ya ce, “Ta tsaya a Funtua, ba ta sami mota ba.”

Yayana ma sai da ya yi dariya. Ni ban yi ba.

A lokacin an riga an amince mini in rubuta kundina a kan damfarar asusun banki da ake yi daga wata ƙasa zuwa wata. Na tara littattafai, na tsara babi-babi, komai tsaf. Da na koma makaranta sai na je ofishin malamin da ke duba aikina, na ce ina so in sauya. Na kunna masa saƙon. Dattijo ne mai kirki, amma ba ya son a ɓata masa lokaci.

Ya cire tabarau ya ce, “Allah ya ba mahaifiyarki haƙuri. Amma wannan tsegumin unguwa ne. Ki kai wa mai unguwa.”

“Dakta, da waya aka yi shi.”

“Da waya ake gayyatar suna ma. Duniya tana maganar satar bayanan gwamnatoci, ke za ki kai wa kwamiti daddawa?”

Na sunkuyar da kai. Duk wanda ya san ni zai ce nan zan ce na gode in fita. Muryata ta fito ƙasa-ƙasa, amma ta fito. Na ce, “Idan dokar ba ta san ƙofar gidanmu ba, ina so in rubuta dalili.”

Ya dube ni. Sannan ya mayar da tabaransa ya jawo wata takarda. “Kawo mini wanda ya fara turawa, sai mu yi magana.”

Kora ce ya yi mini cikin ladabi. Ni kuma na ɗauke ta aiki.

Ba ni da umarnin kotu, ba ni da ɗan sanda. Abin da nake da shi guda ne: kowane saƙo yana zuwa ne daga hannun wani, kuma yana ɗauke da lokacin da ya iso. Idan na tambayi yayana wa ya turo masa, na je wurin wancan na tambaye shi, zan riƙa komawa baya har in kai inda babu baya. Haka na fara, ana tsakiyar damina, masara ta fi mutum tsawo, hanyoyi duk caɓi. Nakan fita da hantsi in dawo kafin la'asar, domin a yankinmu an daina yin yamma a hanya.

Ni da nake ɓuya bayan ƙyaure idan an yi baƙi, sai ga ni ina sallama gida-gida. In zauna a gaisa, a tambayi Inna, a tambayi karatu, a tambayi yaushe za a sha biki. Sai an gama duk wannan in ce, “Don Allah, saƙon nan, wa ya turo miki?”

Wata ta ce, “Lale da Barista. Da ankwa kika zo, ko in miƙo hannu a ɗaure da ɗankwali?”

Wata ta rantse ba ta taɓa ganinsa ba, alhali 'yarta tana gefe tana nuna mini shi a wayar. Abin da ya fi ci mini rai shi ne babu mai ƙin Inna a cikinsu. Kowacce taimako ta yi. Wata matar malami a Malumfashi, wadda ta zuba shi a guruf ɗin waya na matan islamiyyarsu, ta ce da ni, “'Yata, ko da ƙarya ne ai gara a yi hattara. Rai ake magana.”

Na ce, “Hajiya, da ƙofar gidanki ce a hoton fa?”

Ta ce yaran yanzu boko ya cire musu kunya. Amma ta nuna mini wadda ta turo mata.

Zaren ya kai ni Malumfashi, ya kai ni Funtua gidan dillaliyar da ta mayar da kwando, ya bi ta wani direban da ke ɗaukar masara daga Dandume, sannan ya juyo da ni Ƙarfi, unguwarmu, wurin wani mai gyaran babur da nake wucewa ta gabansa kullum. Nasa ya riga na kowa. Na tambaye shi wa ya turo masa.

“Babu wanda ya turo mini,” ya ce, yana goge baƙin mai a wandonsa. “A memori na gan shi. Na kai caji, na ce a zuba mini sababbin abubuwa.”

Wanda bai zauna a garuruwanmu ba ba zai gane wannan ba, kuma babu shi a littattafan da na karanta. Wuta ba ta zama, don haka da safe maigida yakan bar wayarsa a rumfar mai caji ya wuce gona. Mai caji yana da janareta da tsohuwar kwamfuta. Bayan caji, yana zuba wa mutane waƙoƙi da wa'azi da 'yan bidiyoyin ban dariya a memori. To daga ina yake samun sababbi? Daga wayoyin da aka kawo masa. Duk memorin da ya shigo hannunsa yakan kwashe abin da ke ciki ya ajiye a kwamfutar, don ya sami abin zuba wa na gaba. Kowa ya san haka ake yi. Babu wanda ya taɓa kiran abin sata, kamar yadda ba a kiran ɗiban wuta a murhun maƙwabta sata.

Na je rumfar. Na ce ina so in ga inda saƙon yake a kwamfutarsa.

“Hajiya Barista, ni caji nake yi. Ban san wata daddawa ba.”

Samarin da ke zaune a bencinsa suka kwashe da dariya. Wani ya ce a matsa wa kotu ta zauna. Suka matsa don tsokana, ni kuwa na zauna da gaske, a ƙarshen bencin, na ɗora jakata a cinya. Mace ba ta zama a rumfar caji. Ban ce komai ba. Shiru shi ne abin da na fi iyawa a duniya, ranar kuwa na gane yana da nauyi. Hira ta mutu. Masu kawo waya suna zuwa su gan ni su tsaya nesa. Samarin suka zame ɗaya bayan ɗaya. Aka kira azahar, na shiga wani gida na yi salla, na dawo na zauna inda na tashi.

Rana ta fara karkata ya ce, “Don girman Allah ki zo ki duba ki tafi, kin kore mini kasuwa.”

Na ce, “Haka Inna ma take ji.”

A cikin tarkacen da ya tara na sami saƙon iri biyu. Akwai guntun da ya zagaya gari, akwai kuma na asali, wanda ya ninka shi tsawo. Na asalin ya fara da gaisuwa: mace ce take yi wa yayarta da ke aure a wani gari magana. Ta ambaci ɗanta da sunan wasan da duk unguwa ta san shi da shi. Bayan maganar daddawa ta ci gaba, ta ce, “Amma fa zato ne kawai, Yaya, kada ki faɗa wa kowa. Ƙila ma ruwan rijiyar nan ne, tun da aka yi ruwan sama ya gurɓace.” Wani ya yanke kan, ya yanke gindin, ya je ya ɗauki hoton ƙofarmu, ya ƙara mutuwar da ba a yi ba. Na tambayi mai caji wa ya yi. Ya ce kwamfutar kowa yana taɓawa, har in ya tafi masallaci. Na yarda da shi, ban kuma yarda da shi ba. Har yau ban san wanda ya yanke ba, ban kuma san ko ƙiyayya ce ko neman abin dariya.

Matar kuwa na gane ta tun daga gaisuwar. Maƙwabciyarmu ce, gida biyu tsakani. Wayar ta mijinta ce, takan ara da safe kafin ya kai ta rumfar caji. Layin da ke ciki kuma da sunan wansa aka yi masa rajista, mutumin da ya yi shekaru yana ci-rani a kudu.

Na koma wurin Dakta na zayyana masa komai. Ya saurara har ƙarshe, bai duba agogo ba.

“To, wa za ki tuhuma?”

Na ce wadda ta yi magana asiri ta yi wa 'yar'uwarta. Wanda ya kwafa sana'arsa ya yi yadda kowa ya san ana yinta. Wanda ya yanke ba shi da fuska, kuma bai bi ta intanet ba balle ya bar sawu. Masu yaɗawa lada suke nema. Wanda sunansa ke kan layin bai ma san an yi ba. Dokar da muke karantawa ta ɗauka kowace waya mutum ɗaya ne, a wurinmu kuwa waya kamar turmi take, tana zaga gidaje.

“Ban ji sunan wanda ake tuhuma ba,” in ji shi.

“Babu, Dakta. Kundin ke nan.”

Ya ja tsaki a hankali, irin na wanda aka ci shi a dara. “Je ki rubuta. In kwamiti ya yi watsi da shi, kada ki ce ban gaya miki ba.”

Na fito da izinin da na nema, amma izinin bai hura wuta a murhun Inna ba. Da na koma gida na zauna kusa da ita, na ce na gano mai muryar.

Ba ta ɗago ba. “Ai na sani. Ni na yi mata wankan jego, zan kasa gane kukanta?”

“Kin sani tun farko kika bar ni ina yawo?”

“Kin tambaye ni? Littafi kika tambaya.” Ta gyara zama. “Kuma ba za ki je ba. Ba a kai maƙwabci ƙara. Gobe in na faɗi, su za su riga ki zuwa kaina.”

“Ba ƙara zan kai ba, Inna.”

“Na ce ba za ki je ba.”

Ban taɓa tsallake maganar Inna ba tun da na yi wayo. Washegari da hantsi na ɗauki hijabina. Tana kallona na fita.

Mijin maƙwabciyar ya tare ni a zaure. Ya ce gidansa ba kotu ba ne, iyalinsa ba ta da magana da lauya. Na gaishe shi na juya. Na dawo washegari, ya sake kora ta. Na ci gaba da zuwa, ina gaisuwa ina juyawa, har unguwa ta fara magana, har ya gaji da ganina. Wata safiya ya saɓa fartanya ya wuce ni a ƙofa, ya ce ba tare da ya dube ni ba, “Tana ciki. Wayar ma tana ciki. Ni dai ban ga shigarki ba.”

Na same ta a gindin murhu tana kaɗa miyar kuka. Yaron da aka ce daddawarmu ta kwantar yana tsakar gida tsirara, yana bin kaza da muciya. Da ta gan ni sai ludayin ya tsaya a hannunta.

“Wallahi Anti, ni Yaya kawai na gaya wa.”

“Na sani. Na ji shi duka, har maganar rijiya.”

“Rijiyar ce ma. A asibiti suka ce mu riƙa tafasa ruwan.” Idanunta suka kawo ruwa. “Ina jin kunyar Inna. Ko ta ƙofarku ba na iya bi. In na yi magana kuma a ce ni na kashe mata sana'a, a kira mini 'yan sanda.”

Ina shirin ba ta amsa sai tururin tukunyar ya bugo ni. Warin da na yi shekaru ina wanke shi daga kayana ne, ba zai ɓace mini ba ko a cikin dubu. Kowace mai daddawa da hannunta.

Na ce, “Wannan ta Inna ce.”

Ta sunkuyar da kai. “Ragowar wadda na saya ce. Yaron ba ya cin tuwo in ba da ita ba.”

“Ke kina ci, kina ba ɗanki, gari kuma ya daina saboda muryarki.”

Ban ɗaga murya ba, ban kuma sassauta ba. Na ce ban zo da takarda ba, ba kuma zan kai ta ko'ina ba. Idan na rubuta a jarida cewa ƙarya ne, waɗanda suka ji saƙon ba za su karanta ba. Idan yayana ya faɗa, a ce ai ɗan Inna ne. Muryar da suka ji suka yarda ita kaɗai za su sake yarda da ita. Ina so ta faɗi abin da ya faru da bakinta, a wannan wayar, ni kuma in kai wa mai caji ya zuba wa duk wanda ya kawo memori, in bi gidajen da na bi ɗaya bayan ɗaya, har Funtua, in tsaya a kan kowacce sai ta tura wa waɗanda ta tura wa na farko.

“Kowa zai san ni ce,” ta ce.

“Kowa ya san ƙofarmu ce.”

Ta juya wajen murhu. Miyar ta fara kamu, ta sauke ta. Ta kira yaron, ta ɗebo tuwo a ƙaramin kwano, ta zuba miya, ta zaunar da shi a gabanta. Na tambaye ta, karo na ƙarshe, ko za ta yi.

Ta goge hannu a zaninta, ta shiga ɗaki ta fito da wayar, ta miƙo mini.

“Danna mini, ban iya na bidiyo ba. Ki ɗauke mu tare, a gan shi yana ci. Amma Anti, wannan karon ki tsaya a kansa. Kada wanda ya yanke mini ko kalma ɗaya.”